Baba Yanzu-yanzu a Bayan Wutsiya

Baba Yanzu-yanzu masinjan ofishinmu ne, kuma a can na tarar da shi. Ni akawu ne a sashen ajiyar takardu. Teburina yana bakin ƙofa, don haka duk fayil ɗin da zai fita sai ya bi ta hannuna kafin ya shiga nasa. A abin da zan faɗa, wanda na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan ce an gaya mini.

Sunan daga bakinsa ya fito. Duk inda ka ce ya kai takarda, ko hawa na sama ne ko ma'aikatar da ke tsallaken titi, amsarsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu." Kafin ka rufe biro ya ɓace. Siriri ne mai dogon wuya, kakinsa kullum a goge, takalminsa baƙi mai igiya wanda mai gyaran takalma ya sake wa ƙasa har ya gaji. Ba ya shiga lif. Ya ce akwatin da zai rufe mutum ya yi sama da shi ba na masu rai ba ne.

Tun yana saurayi ya fara aiki a ƙarƙashin tsohon Darakta, wanda har yau yake kira Maigida. A wurinsa ya koyi tafiya. Na ce ya koya, domin tafiyar masinja da maigidansa tana da ƙa'ida: taku ɗaya a baya, ta hagu, fayil a ƙirji. In Maigida ya tsaya ka tsaya, in ya rage sauri ka rage. Ba ka shiga gabansa sai in ya aike ka. Haka suka yi ta bin baranda da matakala shekara da shekaru, har Maigida ya yi ritaya.

Shi ma Baba shekarun aikinsa sun cika, sai dai ana sabunta masa kwantiragi duk shekara. Da shi yake riƙe da gida: ɗaki biyu a ƙuryar wani gidan haya, da matarsa, da autarsu da ke makarantar koyon jinya. In kwantiragin ya tsaya, komai ya tsaya. Lokacin sabuntawa kuwa ya kusa sa'ad da aka kawo mana sabuwar Darakta.

A taronta na farko da ma'aikata ni ke rubuta abin da aka tattauna. Baba ya shigo da tiren shayi, yana ajiye mata kofi, daidai lokacin da ta ce, "Mu gaya wa kanmu gaskiya, aikin ƙafa ya ƙare a ofishin nan." Na rubuta yadda ta faɗa.

Ana tashi ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam Akawu, ka ji abin da ta ce?"

"Na ji, Baba. Kwamfuta take nufi. Takardu za su riƙa tafiya ta waya."

"Ƙafa ta ce. Ƙafar wa ke aiki a ofishin nan? Taka?"

Na leƙa ƙarƙashin tebur na dubi tawa.

"Ran nan ta gan ni na dafa bango a matakala," in ji shi. "Wallahi igiyar takalmi nake ɗaurawa. Shi ke nan ta ce tsoho ya ƙare."

Na sake yi masa bayani, ya sake girgiza kai. Da na koma kan abin da na rubuta, ni ma sai na fara kokwanto, domin na tuna cewa wajen tiren take kallo lokacin da ta yi maganar.

To, ita sabuwar Darakta tana da wata ƙungiya ta masu hawan dutse. Ranar Asabar da sassafe a taru a shiga bas, a tafi duwatsun bayan gari, a hau, a dawo kafin rana ta faɗi. Akwai ma'aikata, akwai 'yan kasuwa, akwai ɗalibai. Ni likita ne ya tura ni saboda hawan jini. Baba ya ga takalmin kambas a ƙarƙashin teburina ya tambaya, na gaya masa.

"Me ake ɗaukowa a can?"

"Ba komai."

"Me ake kaiwa?"

"Ba komai, Baba."

"Wa ke saman?"

"Babu kowa."

"To in kun hau fa?"

"Sai mu sauko."

Ya daɗe yana kallona kamar wanda ya ga kaza tana tuƙa keke. "Kuma duk da hankalinku?" Amma da na ce Darakta ce jagora, ita ke gaba, sai ya gyara tsayuwa. Can ya ce, "A sa ni. Ta ga ƙafar da idonta, ba a matakala ba."

Jajibirin tafiyar, bayan an tashi daga aiki, na kai masa aron jakar goyo. Na tarar da matarsa tana goge masa kaki a kan tabarma, autar kuma tana karatu a bakin ƙofa.

"Malam, ku dai ba ku rasa abin ɓata lokaci," in ji matar. "Mutumin nan duk mako yana hawan bene ana biyansa, ranar hutu kuma za ku kai shi ya hau dutse a banza?"

"Ke dai zuba mini ruwa a gora," in ji Baba.

"In za ka gangaro, ka gangaro ta wajen gida, ka rage mana tafiya."

"Baba, ba a hawa dutse da takalmin ofis," in ji autar.

"Takalmin nan ya girme ki, 'yar nan. Ki yi karatunki."

Da takalmin kuwa ya zo, da kakin, har da biro a aljihun gaba. A gindin dutse Darakta ta tara mu ta faɗi dokoki, kamar yadda take yi kullum saboda sababbi. Biyu ne manya. Ba a wuce jagora. Ba a kuma zama bayan wutsiya. Wutsiya shi ne wanda aka ɗora wa zama na ƙarshe, yana riƙe da usur, in an ga ya iso to an san kowa ya iso.

"Ga wutsiyarmu nan," in ji ta.

Sai ga tsohon Darakta ya fito daga bayan bas da malafa da sanda, usur a wuya. Tun da ya yi ritaya yake bin ƙungiyar, kuma shi aka ba wutsiya saboda ba ya sauri, ba ya kuma ƙosawa da kowa.

Baba ya durƙusa har ƙasa. "Yallaɓai! Barka da asuba, yallaɓai."

"A'a, Yanzu-yanzu! Kai ma sun ruɗe ka?"

Kafin Maigida ya ankara Baba ya karɓe jakarsa ya rungume a ƙirji. Sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Malam, wa ta kira wutsiya?"

"Maigida."

"A gaban mutane? Kuma ya amsa?"

Aka busa usur aka kama hanya. Ni dama a baya-baya nake tafiya, don haka duk abin da ya biyo baya a gabana aka yi. Hanyar siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, tana bi ta tsakanin manyan duwatsu da ƙaya. Jama'a suka jeru suka yi gaba. Maigida ya tsaya yana jiran kowa ya wuce, Baba kuma ya tsaya taku ɗaya a bayansa, ta hagu.

"Wuce mana," in ji Maigida.

"Ina bayanka, yallaɓai."

"Na san kana bayana, ai shi ne matsalar. Ni ne wutsiya."

"Allah ya kiyaye, yallaɓai."

"Ba zagi ba ne, aiki ne. Wuce."

Baba ya ɗaga ƙafa ya ajiye a gaba. Na ga ya yi ƙoƙari. Amma sai ƙafar ta komo inda take kamar ba shi ke da ita ba. Maigida ya ja da baya don ya koma bayansa, Baba ma ya ja da baya. Maigida ya ƙara, Baba ya ƙara. Da haka suka yi ta gangarawa da baya har suka kusa komawa wajen bas, direba yana leƙowa ta taga yana tambaya ko an fasa ne.

Maigida ya haƙura ya fara hawa, yana tsammanin a hanya za a daidaita. Ya zauna a kan dutse wai yana hutawa, Baba ya tsaya a bayansa yana jira. Ya sunkuya kamar zai gyara igiyar takalmi, Baba ya riga shi durƙusawa ya ɗaure masa. Muna taku kaɗan muna tsayawa, har muka daina jin muryoyin na gaba.

A wata kwana Maigida ya jawo hannuna ya raɗa mini, "Akawu, gaya mini gaskiya. Ƙafar ce ta gaza yake jin kunyar faɗa?"

Ban kai ga amsawa ba Baba ya jawo ɗaya hannun. "Malam, Maigida ya tsufa. Ka ga yadda yake tsaye-tsaye? Yaya za a bar shi a baya shi kaɗai?"

Sai muka ji usur daga sama. Muka ɗaga kai. Can a kan wani faffaɗan dutse Darakta ce tsaye, ta kare ido da tafin hannu tana duban ƙasa. Abin da take gani a fili yake: jama'a duk sun yi nisa, sai akawu mai hawan jini, sai tsoho da sanda, sai kuma can bayan tsohon, na ƙarshen ƙarshe, masinjanta.

Baba ya gane haka kafin ni.

"Tana ganina, Malam?"

"Tana ganinka."

"To ya zan yi? In na wuce shi na zama marar kunya, in na tsaya ta ce na ƙare. Wace irin tafiya ce wannan da babba ke rufe baya?"

Na ce masa dokar dutse dabam ce da ta ofis. Ya ce ai Maigida bai canza ba don an zo dutse. Na ce Maigidan ne da kansa ya ce ya wuce. Ya ce sau nawa Maigida ya ce masa ya zauna a ofis, ya taɓa zama? Daga nan dabarata ta ƙare.

Usur ya sake tashi, wannan karon da tsawo. Maigida ya ciro waya ya ɗaga sama, ya juya gabas ya juya yamma, babu sabis. Ya busa nasa usur ɗin, iska ta kwashe. Ransa ya ɓaci, ya buga sanda a ƙasa, ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba, da irin muryar da na sani a baranda tun da daɗewa.

"Kai, je ka gaya mata muna tafe."

"Yanzu-yanzu, yallaɓai."

Ban ga lokacin da ya wuce mu ba. Ba gudu ya yi ba, tafiyarsa ce ta ofis, kafaɗa a miƙe, jakar Maigida a ƙirji kamar fayil, baƙin takalmin yana ƙwas-ƙwas a kan dutse. Muna kallo ya cim ma na baya, muna jiyo "gafara, gafara" yana ratsa ɗalibai da sandunansu na ƙarfe, har ya ɓace a bayan wani dutse.

Ni da Maigida muka dubi juna.

"Ashe ba ƙafar ba ce," in ji shi.

Abin da ya faru a sama wata malamar makaranta da ke cikin ƙungiyar ce ta gaya mini. Ta ce ya tsaya nesa kaɗan da Darakta, ya haɗa ƙafafu ya ce, "Ranki ya daɗe, Maigida ya ce a gaya miki muna tafe." Ta ce masa, "To, ka ce su bi a hankali. Zauna ka sha ruwa, Baba." Amma rabin farko kawai ya ji. An ba shi amsa, amsa kuwa ba ta kwana a hannun masinja. Ya juya.

Sai ga shi ya gangaro mana. "Ta ce ku bi a hankali, yallaɓai." Ya zagaya ya koma wurinsa, taku ɗaya a baya, ta hagu.

Maigida ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai neman agaji. Sannan ya ce, "Je ka tambaye ta a ina za a ci abinci."

Ya tafi, ya dawo. A ƙarƙashin babbar bishiyar da ke sama, in ji ta.

"Je ka ce mata akawu yana nan da ransa."

Ya tafi, ya dawo. Ta ce madalla.

"Je ka ce ina gaishe ta."

Nan Baba ya ɗan tsaya. "Gaisuwa kawai, yallaɓai?"

"Gaisuwa ba saƙo ba ce?"

Na so in riƙe lissafin zuwa da dawowarsa, amma numfashina bai bar ni ba. Abin da na sani shi ne duk lokacin da yake kan aike, wutsiya tana zama wutsiya, mu ma muna samun ci gaba. Jama'a suka saba da shi, da sun ji ƙwas-ƙwas sai su raɓe. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya roƙe shi ya tafi masa da jaka, wata ta ce ya tambayo mata ko saura nisa. Duk ya karɓa. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya ce, "Malam, ashe akwai aiki a dutsen. Kai ka ce ba a kai komai."

Rana ta take tsaka muka isa bishiyar. Maigida ne ya iso a ƙarshe, domin ya tura Baba gaba da gorar da babu ruwa a ciki. Aka baje, aka fito da burodi da dafaffen ƙwai da ayaba. Baba bai zauna ba. Ya je ya tsaya inda Darakta za ta gan shi, kakin ya jiƙe sharkaf.

"Baba, me ya sa ka wahalar da kanka haka?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, kin dai gani."

"Na ga me?"

"Ƙafar."

Ta dubi ƙafafunsa ta miƙe da sauri. "Ciwo ka ji? Wa ke da akwatin magani? Cire takalmin mu gani."

"Lafiyarta ƙalau, ranki ya daɗe! Abin da nake faɗa ke nan!"

Ta juyo wajena. Na ajiye ƙwan da nake ɓarewa na maimaita mata maganarta ta ranar taro, kalma da kalma. Da farko ba ta tuna ba. Da ta tuna ta fara dariya, sai ta dubi fuskarsa ta daina.

"Baba, ba ƙafarka nake nufi ba. Takardun ne suka daina tafiya a ƙasa."

"To wa zai kai su?"

"Da kansu za su je."

"Su dawo da amsa?"

"Su dawo da amsa."

Ya juya ya dubi garin da ke shimfiɗe can ƙasa, gidaje kamar akwatunan ashana.

"To ni fa?"

Maigida ne ya ce, bakinsa cike da ayaba, "Ni ma abin da na tambaya ke nan ranar da suka miƙo mini agogon bango suna tafi."

Darakta ta ce, "Bari mu sauka tukuna." Da aka tashi saukowa Baba ya koma bayan Maigida, ba kuma wanda ke da sauran ƙarfin yin gardama. Ta dube su ta ce yau ƙungiya wutsiya biyu gare ta.

A makon da ya biyo baya Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya kai abin da aka ba shi, wanda bai taka kara ya karya ba, sauran lokacin kuma yana tsaye a baranda yana kallon ƙofar Darakta. Daga baya hukunci ya fito. An rufe gurbin masinja. An ba Baba sabon kwantiragi a teburin karɓar baƙi da ke ƙasa: wanda ya shigo ya tambaye shi wurin wa ya zo, ya gaya masa hawa na nawa. Darakta da bakinta ta gaya mini cewa da farko sallama ce aka shirya, abin da ta gani a dutse ne ya sa ta koma ta yi ta ja da na sama da ita. Ta ce mutumin da zai hau dutse don ya kai gaisuwa ba a sallamarsa. Aka sayo masa kujera mai katifa, har da wurin ɗora hannu.

Ranar da ya fara na sauka in yi masa murna. Na tarar da shi tsaye a gefen kujerar, ledar ma bai cire ba.

"Malam Akawu, kai ne mai lissafi, zo ka warware mini. Na hau dutse don a ga ƙafata. An gani, an yaba. Sai aka ba ni kujera. Ci na yi ko faɗuwa?"

"Baba, auta za ta gama makarantarta."

"Wannan na sani, uwarta ma ta faɗa. Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce zan duba. Ya ɗosana a bakin kujerar kamar baƙon da ba a yi wa tayin zama ba. Sai ga wani mutum ya shigo da ambulan a hannu yana neman sashen haraji. Baba ya miƙa hannu zai karɓa, ya tuna, ya mayar da hannun ya nuna masa matakala. Ya bi shi da ido yana hawa a hankali, yana dafa ƙarfe, har ya sha kwana.